Yadda ake gano tarihin tashar jirgin ƙasa ta gefen birni da irin hidimar da take yi

Irin tashoshin nan na unguwannin bayan gari, waɗanda ma'aikata ke shiga da safe su dawo da yamma, mutane sun raina su wallahi, kowa dai ya shiga ya fita. Alhali in ka san dalilin da ya sa aka kafa tasha a inda take, to ka gama sanin rabin yadda jiragenta ke aiki. Bari mu ɗau tashar Surbiton da ke kudu maso yammacin Landan mu bi ta daki-daki, abin da za ka yi a nan shi za ka yi a kowace irinta.

Farko dai ka binciki sunanta na da. Wannan shi ne matakin da ya fi daɗi kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Surbiton ɗin nan an buɗe ta a 1838 amma da sunan Kingston, duk da ba a cikin garin Kingston da ke maƙwabtaka da wurin take ba, saboda manyan garin a lokacin sun ƙi yarda layin dogo ya ratsa su, suna tsoron ya kashe musu kasuwar keken doki da suke ci da ita, shi ne kamfanin ya kauce ya bi ta gefe ya dasa tashar can a fili. Me ya biyo baya? Gidaje suka taru suka kewaye tashar har unguwa ta tashi, su kuma mutanen Kingston sai 1863 suka samu tasu, kuma a kan ƙaramin reshe, babban layin ya riga ya wuce su. To ka ga dalilin da ya sa har yau jirgi mai gudu yana tsayawa Surbiton amma ba ya bi ta Kingston. Irin wannan bayanin a tsofaffin taswirori ake samu, ko laburaren yankin, ko intanet in ka haɗa da tsohon sunan.

Daga nan ka fito waje ka ƙare wa ginin kallo. Na Surbiton fari ne fat na kankare da doguwar hasumiyar agogo, a 1937 kamfanin Southern Railway ya gina shi, James Robb Scott ne ya zana, yanzu ma yana cikin gine-ginen da doka ta hana a taɓa barkatai. Kar ka ɗauka shekarar gini ita ce shekarar tasha, nan kaɗai kusan shekara 100 ne tsakani.

Sai ka shiga ciki ka ƙirga layuka da dandamalin jiran jirgi. Tasha mai layi biyu kacal yawanci jirgi mai tsayawa ko'ina ne rabonta. In ka ga layuka huɗu ko fiye to akwai na gudu akwai na rarrafe, kuma nan ne baƙo ke yin asara, ya ga jirgi ya iso an rubuta Waterloo, wato babbar tashar ƙarshe ta cikin Landan, ya faɗa ciki da sauri, ashe mai tsayawa Wimbledon da Clapham Junction da ƙananan tashoshin hanya ne, ya share wajen rabin awa, alhali wanda ya jira na gudun bai kai minti 20 ba ya isa. Don haka kar ka tsaya kan sunan tashar ƙarshe, karanta jerin wuraren tsayawa da ke gudana a allon, ka kuma saurari lasifika don ana canja dandamali ba zato. Haka abin yake a Mumbai ma, akwai na sauri akwai na hankali a layin Thane, wanda shi ne layin fasinja na farko a Indiya tun 1853.

Af, ka lura da inda wutar jirgin take. A Surbiton babu wayoyi a sama, wani ƙarfe ne na uku a gefen layin yake ɗauke da lantarki, don Allah ko waya ce ta faɗi ƙasa kar ka sauka, kira ma'aikaci.

Batun tikiti kuma, tambayi yankin kuɗin tikiti da tashar ta faɗa, don Landan an raba ta yanki-yanki. Surbiton tana yanki na 6, ana amfani da katin Oyster, wato katin biyan kuɗin sufuri na Landan, ko katin banki, ka ɗora shi a na'ura wajen shiga ka sake ɗorawa wajen fita, in ka manta na fitan za su cire maka kuɗi mafi yawa. Kuɗin lokacin cunkoson safe da yamma ya fi na tsakar rana, wanda ba ya sauri gara ya ɗan jinkirta.

Abin da ya rage shi ne ƙananan abubuwa da ba a tunawa sai an matsu, akwai lif don mai keken guragu ko mai kaya, ofishin tikiti ƙarfe nawa yake rufewa, ina bas ke tsayawa, jirgin ƙarshe na dare ƙarfe nawa ne. Jadawalin Lahadi kuma ka duba shi daban tun ranar Asabar, don ranar ake yawan gyaran layi, wani lokacin ma bas za a sa muku a maimakon jirgi.