Yadda ake ciyar da mai shanyewar ɓarin jiki bayan an sallamo shi

Ranar da aka sallamo Babanmu, gidanmu na Tudun Wada a Zariya ya cika da 'yan dubiya, kowa da ledarsa: lemon kwalba, madarar gwangwani, zuma, wani har da tsire. Wata biyu bayan nan zoben azurfar da ke hannunsa mai lafiya ya fara zamewa da kansa. A ganinmu ba mu bar shi da yunwa ba, don kofin kunu bai taɓa yankewa a gefen gadonsa ba. Daga baya na yi jinyar gwaggona, na kuma leƙa gidaje da dama a cikin birni da Samaru, ko'ina kuskuren ɗaya ne: kunu safe, kunu rana, kunu dare, ana jiran ƙafa ta taka.

Zancen shan magani a kan lokaci da awon hawan jini ba sai na tsaya a kai ba, duk wanda ya kwana jinya a asibitin koyarwa na Shika ya ji shi har ya haddace.

Abu na farko zama. Kafin cokali ya kusanci bakinsa a tayar da shi zaune sosai, baya a miƙe, a tokare kafaɗar da ta shanye da filo, haɓa ta ɗan yi ƙasa. Kishingiɗa ba zama ba ce. Ke mai ba shi ki jawo kujera 'yar tsugunno ki zauna daidai fuskarsa, domin in kika tsaya a kansa dole ya ɗaga kai, ɗaga kai kuwa hanyar iska yake buɗewa. In ya gama a bar shi a zaune minti 30 kafin ya kwanta, ko da yana magiya.

Sai haɗiya, a nan ne na kusa kashe mahaifina da hannuna. Ciwon nan ba hannu da ƙafa kawai yake taɓawa ba, har naman harshe da na maƙogwaro, kuma majinyata da yawa suna fama da haɗiya a makonnin farko. A maƙogwaro hanya biyu ce, ɗaya ta ciki, ɗaya ta huhu, da ɗan murfin da ke rufe ta huhun a lokacin haɗiya. In rufewar ta yi jinkiri, abin da ya fi saurin zurarewa shi ke faɗawa, wato ruwa tsinkakke. Ni kuwa duk lokacin da Baba ya yi tari a kan loma sai in ɗauko moɗa in ce, "Baba, kurɓi ruwa ya wuce." Haka aka yi mana muna yara, haka nake yi masa. Sati bai zagayo ba zazzaɓi ya rufe shi, numfashi sama-sama. Muka ce maleriya ce, muka sayo magani a kemis, muka ɓata kwana biyu. Ciwon huhu ne, daga abin da yake ta gangarawa inda bai kamata ba. Da muka dawo gida karo na biyu, ɗan ƙarfin da ya tara na riƙe bango ya miƙe duk ya tafi.

Abin da na koya: ƙaramin cokali na shayi, rabinsa, a sa ta ɓangaren bakin da ke da lafiya. A jira a ga maƙoshi ya motsa sama ya sauko. Sannan ki sa shi magana. Ni cewa nake, "Baba, ya gishiri?" In muryar ta fito tas, a ƙara. In ta fito a jiƙe kamar mai kurkure baki, ko ido ya kawo ruwa, a dakata, a bar shi ya yi tarinsa, kada a bi shi da ruwa. Wasu ma ko tarin ba sa yi, abin ya wuce huhu shiru, shi ya sa muryar take da muhimmanci. In an gama a duba cikin kumatu ta gefen da ya shanye. Na taɓa zaro ƙwallon tuwo a kumatun gwaggona da asuba, tun na dare, ita ba ta ma san yana nan ba. A wanke baki safe da dare da buroshi mai laushi, domin dattin baki in ya bi yawu ya sauka huhu shi ma ciwo ne.

Kauri kuma, a wurina kunun da bai lulluɓe bayan cokali ba bai isa ba. Mafi haɗari shi ne mai ruwa da gudaji a haɗe: kunun gyaɗa mai tsakin shinkafa, furar da ba ta damu ba, shayi da burodi a jiƙe. A tace su. Dambu, shinkafa wara-wara, ƙuli-ƙuli da kilishi a ajiye su tukuna. Ruwan tofi da zamzam da dangi ke kawowa ba a hana ba, amma cokali-cokali, yana zaune, ba a ɗura masa a kwance ba. Ki riƙa lura da fitsari, in ya yi ja ya ragu to ruwa bai ishe shi ba. Tun kafin sallama a roƙi likita ya gwada haɗiyarsa ya faɗi kaurin da ya dace da shi, in kuma aka ce sai an sa robar ciyarwa ta hanci kada dangi su taru su ce a'a. Mutanenmu suna ganinta alamar tafiya ce, alhali sau da yawa ta 'yan makonni ce.

In haɗiya ta daidaita, sai a koma kan abin da ke cikin kofin. Kamu da sukari ciki suke cikawa, ba sa mayar da naman jiki, mai kwance kuwa tsokarsa zubewa take yi kullum. Abin da ake nema wajen giram 1 zuwa 1.2 na sinadarin gina jiki a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 ke nan yana buƙatar giram 60 zuwa 72, ƙwai ɗaya kuwa 6 ne kacal. Ba wanda zai iya ƙwai goma kullum a wannan tsadar, ni ma ban iya ba. Waken soya na saya a kasuwar Sabon Gari, na soya sama-sama, aka niƙo, ina zuba cokali biyu a kowane kunu. Sai alale mai laushi da kifi a ciki, faten wake da aka surfe, awara dafaffiya a miya maimakon soyayya, kindirmo, tuwo ruwa-ruwa da miyar kuka. Kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida ya fi kwano cike sau uku, don tauna ma gajiyar da shi take. Mai ciwon ƙoda sai likita ya yanka masa nasa adadin, mai ciwon suga kuma a ɗauke zumar nan daga ɗakin.

Gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da giram 5 a rana, kimanin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen Maggi da kanwa. Mu baƙar fata abin ya fi shafarmu: a Amurka haɗarin kamuwa da wannan ciwo karon farko ga baƙar fata ya kusa ninka na Turawa. Wani bincike kan wannan ciwo mai suna SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana, har da majinyatan nan Zariya, aka fitar a 2018, ya sa hawan jini a gaba cikin abubuwan da ke jawo ciwon, ya kuma lissafo barbaɗa gishiri a kwano, yawan cin nama da ƙarancin cin ganye. To a cire masa miyarsa kafin a jefa dunƙule, a ƙara daddawa da albasa da citta, a niƙa alayyahu ko zogale a ciki. Wanda ke shan warfarin, maganin tsinka jini, kada a ƙara masa ganye farat ɗaya ba a gaya wa likita ba.

Da zarar ya iya riƙe cokali a sakar masa. Baba damansa ne ya shanye, ya ƙi ci da hagu, yana cewa, "Uwata, da girmana?" Sai da limamin unguwa ya zo ya ce masa larura ce. A naɗe ƙotar cokalin da tsumma ta yi kauri, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul ƙarƙashin kwano kada ya zame, a ɗora hannun da ya shanye a kan tebur inda zai gan shi. Abincin da ya fi gina jiki a ba shi bayan motsa jikin da masu gashin ƙashi suka koya muku.

Sikeli ba kowa ke da shi ba, kuma marar tsayuwa ba ya hawa. Ki ari tef ɗin tela, duk Juma'a ki auna tsakiyar damtsen hannu mai lafiya, wuri ɗaya, ki rubuta a bayan kalanda tare da sau nawa ya iya tashi daga kujera. In lambar tana sauka sati biyu a jere, a yage takardar a tafi da ita asibiti, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.