Yadda Za A Shirya Ɗalibin Da Bai Taɓa Kwamfuta Ba Don Jarrabawar JAMB

Tun 2015 JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu a Najeriya, ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Yaron birni ya saba da ita, ɗan ƙauye kuwa sau da yawa ranar jarrabawa ce ranar farko da zai zauna gabanta. Karatun yana kansa, amma lokaci ya ƙare masa yana lalube.

A fara da maɓallai, ko kwamfuta babu. A zana allon maɓallai a kwali, ɗalibi ya haddace wurin A, B, C, D na zaɓar amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya. S na miƙa aiki ne, kada ya kusance shi sai ya gama; nan masu rawar hannu ke yi wa kansu ɓarna.

Sai lokaci. Tambayoyi 180 ne cikin minti 120: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. A sa agogo, a ba shi tsofaffin tambayoyi. Wadda ta cije ya tsallake, ya dawo mata daga baya.

Waya tana taimakawa, musamman manhajar da ke aiki ba intanet, amma latsa gilashi daban ne da riƙe linzamin kwamfuta. Ɗalibai huɗu su haɗa kuɗi su kama awa ɗaya a shagon kwamfuta ranar kasuwa, kowa ya samu minti 15. In da hali, a biya kuɗin jarrabawar gwaji ta JAMB tun wajen rajista.