Kurakuran da muke yi wajen ba da labaran Littafi Mai Tsarki

Mu da muka tashi da "ga ta nan, ga ta nanku", kunnenmu ya saba da a ware mana na kirki gefe, mugu gefe. Wannan sabon yana bin malaman makarantar Lahadi har cikin aji, kuma a ganina shi ne kuskure mafi girma.

Ɗauki Dawuda. Kowane yaro ya san yadda ya kashe Goliyat a kwarin Ila, da majajjawa da duwatsu 5, a 1 Sama'ila 17. Amma sau nawa muke kai su 2 Sama'ila 11, inda gwarzon nan ya ɗauke Batsheba, ya sa aka kashe mijinta Uriya a bakin daga? Marubucin bai rufa masa asiri ba. Ya kawo annabi Natan da misalin 'yar tunkiyar matalauci, har Dawuda ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa. Idan muka tsallake wannan, mun ba yara wani Dawuda dabam. Haka muke wa Isuwa: mun maishe shi mugu, alhali Yakubu ne ya yaudari mahaifinsu makaho, kuma a Farawa 33 Isuwa ne ya sheƙo a guje ya rungume shi. Gyaran shi ne ka karanta rayuwar mutum tun daga farko har ƙarshe kafin ka ba shi matsayi.

Sai ƙarin gishiri. Matiyu 2 bai ce masanan gabas da suka zo ganin jariri Yesu su 3 ne ba, kyautai 3 ya lissafa: zinariya, lubban da mur. Farawa 3 ba ta ce tuffa Adamu da Hauwa'u suka ci ba. Wanda ya fi damuna shi ne na Maryamu Magadaliya, da ake kira karuwa. Luka 8:2 cewa ya yi an fitar mata da aljanu 7. Wa'azin Paparoma Girigori na shekarar 591 ne ya haɗe ta da mace mai zunubi ta Luka 7, sunan kuma ya bi ta. Abin da ba ka gani a rubuce ba, kada ka faɗe shi kamar aya.

Labarin Yunana kuwa a bakin kifi muke yanke shi. Sura ta 4 ta nuna shi yana fushi don an yafe wa birnin Nineba, littafin ya rufe da tambayar Allah game da mutanen birnin fiye da 120,000. Kai yara har can.

Akwai kuma maimaici da muke wucewa ba mu lura ba. A bakin rijiya bawan Ibrahim ya sami Rifkatu, a bakin rijiya Yakubu ya ga Rahila, a bakin rijiya Musa ya taimaki 'ya'yan Yetro mata, duka kuma aure ya biyo baya. Ka karanta wa ɗalibanka ukun nan a jere kafin ka buɗe Yohanna 4, inda Yesu ya zauna a bakin rijiyar Yakubu da tsakar rana, ya roƙi Basamariya ruwa.