Yadda ake ɗaura ƙwaron fatsa da gashin zabo, zakara da talotalo

Ƙwaron fatsa ƙugiya ce da ake yi wa sutura da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da abin da kifi ke ci a ruwa, kamar tsutsar ƙwaro, matsattsaku ko ɗan ƙaramin kifi. Ba a sa mata tana ko wani abinci. Masunta na Ingila da Amurka ne suka fitar da yawancin samfuran da suka yi suna, don kifin kogunansu masu sanyi, kuma kayan da suka yi amfani da su da wuya ka gan su a kasuwar Maraɗi. Wannan ba zai hana ka aiki ba. Kifi bai san sunan tsuntsun da aka figa ba, abin da yake gani shi ne girma, launi da motsi. In ka gane aikin da kowane gashi ke yi a cikin ruwa, za ka sami madadinsa wajen masu figar kaji.

Kayan aiki

Fara da ƙugiya. Sassanta biyar ne za mu riƙa ambata: ido, inda ake zura zaren fatsa, sanda, wato miƙaƙƙen jikinta, lanƙwasa, tsini, da ƙaya. Nemi mai ido. Akwai ƙugiyoyi a kasuwa masu faffaɗan kai ba rami, ba su dace da wannan aiki ba. Lambar ƙugiya tana tafiya a juye, 14 ta fi 8 ƙanƙanta, kuma kamfanoni ba su daidaita lambobinsu ba, don haka ka tafi da ma'auni. Kana buƙatar ƙanana masu sanda kusan santimita 1, da manya masu doguwar sanda ta santimita 2 zuwa 2 da rabi.

Abin riƙe ƙugiya kuwa, filaya mai kulle irin ta makanikai ta isa. Ɗaure ta a gefen teburi da tsohuwar robar tayar keke, ka kama ƙugiya a ƙasan lanƙwasa, sanda a kwance, ido yana kallon hannunka na dama. Kada ka matse fiye da kima, ƙarfen yana tsagewa a ɓoye, sai ranar da babban kifi ya ja ya karye.

Zare shi ne na keken ɗinki mafi siriri, wanda ba na auduga ba. Kusantar da bakinsa ga ashana: in ya narke ya dunƙule, shi ne, in ya ci wuta ya zama toka, auduga ne, zai ruɓe a ruwa. Ja shi sau biyu a kan kakin zuma kafin ka fara, don ya kama ƙarfe. Sauran kayan ba su da wuya: ƙaramin almakashi mai tsinin baki, bututun tsohon biro, allura, man farce marar launi, da abin maƙale shanya wanda aka ɗaura wa noti don nauyi. Duk lokacin da za ka saki zare, maƙala masa shi ya rataya, aikin ba zai warware ba. Siririyar wayar tagulla kuma tana cikin injin matacciyar rediyo ko fanka, mai gyaran rediyo zai ba ka abin da zai kai ka shekara.

Gashi da gyaransa

Daga zakara ana son dogayen gashin wuya da na gadon baya, masu sheƙi da tsini. Daga zabo ana son ƙananan gashin ƙasan wuya da kafaɗar fiffike, masu ɗigo-ɗigon fari. Makwarwa ma tana da irinsu, kuma nata sun fi laushi. Daga talotalo abu biyu ne: lallausan gashin ciki da cinya, wanda ke kaɗawa ko da numfashi ka yi kusa da shi, da kuma faffaɗan gashin wutsiya. Ka ce wa mai figa ya cire maka su a bushe kafin ya tsoma tsuntsun a ruwan zafi, domin tafasasshen ruwa yana murɗe gashi. Kada ka ɗebi na tsuntsun da ciwo ya kashe, saboda murar tsuntsaye.

Wanke su a ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ka ɗauraye, ka shanya a inuwa cikin rariya an rufe da gidan sauro, don iska kada ta kwashe. In akwai firiza, sa su a leda su yi mako guda a ciki, ƙwari su mutu. Daga nan a ajiye a kwalba mai murfi da ƙwayar kafur. Asu in ya shiga, cikin ɗan lokaci kara kawai zai bar maka.

Batun rini akwai tarko. Kada ka kai gashi marina a tsoma a rinin shadda, sodar da ake zubawa a ciki tana cin gashi ya zama kamar busasshiyar ciyawa. Abin da ke rina gashin mutum shi ke rina na tsuntsu: lalle yana ba da ja-ja mai duhu, baƙin rinin gashin kai yana ba da baƙi, dafaffen shayi mai kauri yana ba da ruwan ƙasa.

Ɗauri uku da komai ya dogara a kansu

Na farko, kafa zare. Ɗora shi milimita 2 bayan ido, ka naɗa sau biyar ko shida yana hawa kan jelarsa, sannan ka yanke jelar. Kullum naɗi ya tashi daga gabanka, ya bi ta saman sanda ya sauka baya. Wannan milimita 2 ɗin ka bar ta fili har ƙarshe, wurin kai ne.

Na biyu, kama gashi a saman sanda. In ka ɗora gashi ka ja zare kai tsaye, zaren zai tura shi ya zame bayan ƙugiya. Riƙe gashin da sandar tare tsakanin babban yatsa da manuni, ka shigar da zaren tsakanin yatsun a sake, ka zagayo da shi, sannan ka ja shi ƙasa a miƙe. Yi haka sau biyu, ka ƙara naɗi biyu masu ƙarfi.

Na uku, rufewa. Naɗa zare sau ɗaya a bakin bututun biro, ka sa idon ƙugiya cikin bututun, ka zame madaukin ya sauka bayan ido, ka ja. Sau huɗu. Yanke, ka ɗiga man farce da tsinin allura.

Samfuri na farko: Partridge and Orange

Wannan tsohon ƙwaro ne na arewacin Ingila, yana cikin waɗanda T. E. Pritt ya rubuta a littafinsa na 1885. Kayansa biyu ne kacal, zaren siliki ruwan goro da gashin wata makwarwar Turai. A nan zaren surfani ruwan goro da gashin zabo za su yi. In zaren mai kauri ne, warware shi ka ɗauki sili ɗaya.

Ɗauki ƙaramar ƙugiya. Kafa zaren, ka naɗa shi baya, kowane naɗi yana manne da ɗan'uwansa, har ka zo daidai saman tsini. Tsaya nan, kada ka gangara lanƙwasa. Dawo gaba da layi na biyu zuwa inda ka fara. Jikin ke nan, siriri, layi biyu.

Yanzu gashin, kuma a nan yawancin masu koyo ke ɓata aiki. Zaɓi wanda tsawon silinsa, in an kwantar, zai kai lanƙwasa ko ya ɗan wuce kaɗan. Gashin zabo yakan yi tsawo, shi ya sa ake neman na wuya. Cire lallausan gindin. Tun da karansa ya fi na makwarwa kauri, tsige sili na gefe ɗaya gaba ɗaya. Riƙe tsinin gashin, ka shafa sauran silin baya, sai ɗan tsinin ya fito shi kaɗai. A nan za ka ɗaure shi a sanda, cikin gashin yana kallon lanƙwasa. Kama gindin ka zagaya da shi sau ɗaya da rabi, ko biyu in gashin ba yawa, kana shafa silin baya da yatsa a kowane zagaye. Ɗaure da naɗi uku, yanke ragowar, yi ƙaramin kai, ka rufe.

Idan ka gama ka ga kamar gashin ya yi kaɗan, to ka yi daidai. Sili kaɗan ne ke buɗewa su rufe a ruwa kamar ƙafafun ƙwaro mai rai. In sun yi yawa sai su manne wuri ɗaya, ƙwaron ya ƙi nutsewa, motsin ya mutu. Zaren ruwan goro zai yi duhu in ya jiƙe, haka ake so.

Na biyu: Pheasant Tail

Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a Ingila, shi ya fitar da shi, kuma bai sa zare ko kaɗan ba, waya ce ke yin ɗauri ta kuma ba da nauyi. Sunan na nufin wutsiyar wani tsuntsu da ake kira pheasant, a nan ta talotalo za ta yi. Naɗa wayar tagulla a sandar ƙaramar ƙugiya, ka tara ɗan tudu a kashi ɗaya cikin uku na gaba. Koma baya, ka ɗaura sili huɗu na wutsiyar talotalo, tsininsu ya leƙo milimita 3 a matsayin jela. Murɗa silin tare da wayar, ka naɗa su har bayan ido. Raba su da wayar, ka mai da ita bayan tudun, ka kwantar da silin baya a kan tudun ka kama, ka sake dawo da su gaba ka kama. Rufe da wayar, ka murɗa ta har ta katse. Da almakashi kada ka yanke waya, bakinsa zai dakushe.

Na uku: Woolly Bugger

Russell Blessing na jihar Pensilbaniya a Amurka ne ya ɗaura shi a 1967. In ɗaya kawai za ka koya don ruwanmu, koyi wannan, domin baƙinsa yana fitowa ko a gurɓataccen ruwan damina.

Ɗauki babbar ƙugiya. Naɗa waya mai ɗan kauri sau 12 zuwa 15 a rabin sanda na gaba. A asali darma ake sawa, amma guba ce, tagulla ta wadatar. Kafa zare, ka bi ta kan wayar gaba da baya don kada ta juya, ka tsaya daidai saman ƙaya.

Ɗebi lallausan gashin talotalo baƙi, kaurin ashana biyu in ka jiƙa shi da ruwa. Auna shi da sanda: jelar ta yi tsawon sanda, kada ta fi. Ɗaure, ka kwantar da ragowar gindin a kan sanda har inda waya ta fara, don jikin ya yi bai ɗaya ba rami. Doguwar jela tana naɗe lanƙwasa in an jefa, kuma kifi yakan cafki jelar ya bar tsini. In ta yi tsawo, tsinke ta da farce. Almakashi yana barin baki a daidaice, ba ya kaɗawa da kyau.

A wuri guda ka ɗaura siririyar waya santimita 10 da zaren ulu baƙi, irin na saƙa hular jarirai. Kai zaren ɗinkin gaba. Naɗa ulun har bayan ido, ka kama, ka yanke. Ka ɗan caccake shi da tsohon buroshin haƙori ya yi gashi-gashi.

Zaɓi gashin bayan zakara wanda silinsa ya kai faɗin bakin ƙugiya, wato tazarar da ke tsakanin sanda da tsini, sau ɗaya da rabi. Ɗaure shi ta gindi a bayan ido, mai sheƙin yana kallon gaba. Yi zagaye biyu a wurin, sannan ka tafi baya da zagaye biyar masu tazara ɗaya har gindin jela. Riƙe tsinin da hannun hagu, ka ɗauko siririyar wayar ka hau kansa, ka taho gaba da ita tana ratsa karan gashin, kana ɗan karkaɗa ta don kada ta danne sili. Kama ta a bayan ido, ka katse, ka tsinke tsinin gashin da ya rage a baya, ka yi kai ka rufe. Wayar nan ita ce ran ƙwaron. Ba ita, haƙorin kifi na farko zai tsinke karan, gashin duka ya warware. Kafin man farcen ya bushe, zura guntun gashi ta cikin ido don kada ya toshe.

Gwaji da jefawa

Kafin ka ɗaura na biyu, jefa na farko a bokitin ruwa da zare. In ya kwanta a gefe, kayan sun taru ɓangare ɗaya. In ya ƙi nutsewa, gashi ya yi yawa ko waya ta yi kaɗan. Ɗaura shida na samfuri ɗaya a jere kafin ka koma wani, hannu ya fi saurin sabawa.

Ƙwaron ba shi da nauyin da zai ja zare, shi ya sa masu wannan fatsa ke amfani da sandar fatsa da igiya mai nauyi ta musamman. Wanda ba shi da su ya nemi doguwar gora ta mita 4, ya ɗaura mata zaren fatsa tsawonta. Ko kuma ya cika ƙaramar robar magani rabi da ruwa, ya ɗaura ta mita ɗaya sama da ƙwaron, ita za ta kai shi nesa.

A tafkin Madarunfa da ramukan da Gulbin Maraɗi ke bari bayan damina, gwada ƙananan biyu a gefen ciyawa don karfasa, kana ja a hankali. Ka sani karfasa ta fi cin gansakuka da ganye, ba kullum take kula ƙwaro ba. Tarwaɗa kuma da ƙanshi da gashin baki take farauta, don haka baƙin Woolly Bugger sai an bar shi ya kai ƙasa, a riƙa jan taƙi guda ana tsayawa, da asuba ko gab da magariba. Kafin ka jefa, ka gaida sarkin ruwa da masuntan wurin, ka tambayi jami'an gandun daji batun izinin kamun kifi da wuraren da aka hana.