Man juyen babur, mai araha ko mai tsada: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Abu huɗu injin babur yake nema a wurin mai: nau'in da kulocinsa zai ɗauka, kaurin da ya dace da shi, adadin da ya isa, da juye a kan lokaci. Farashi ba ya cikinsu. Yawancin ɓarnar da ake ɗora wa mai araha daga ɗaya cikin waɗannan huɗun take fitowa, kuma mai tsada ma irin ɓarnar zai yi idan aka yi masa riƙo iri ɗaya.

Zuba man mota don kawai ya fi tsada

Wannan kuskuren ya fi kama masu son su kyautata wa babur ɗinsu. A yawancin babura masu giya, mai ɗaya ne yake zagaya inji da haƙoran giya da kuloci, kuma faifan kulocin a cikin man suke jiƙe. A mota ba haka ba ne, can inji kawai man yake yi wa aiki. Shi ya sa ake ƙara wa man mota da yawa sinadarin santsi don rage shan fetur, musamman wanda aka rubuta Energy Conserving ko Resource Conserving a cikin da'irar API, tambarin ma'aunin ingancin mai na Amurka, da ke bayan robar. Santsin nan idan ya shiga tsakanin faifan kuloci sai su daina kama juna da kyau.

Alamar ba ta ɓuya. Kana giyar ƙarshe, ka murɗa totur, inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba, balle a kan hawa ko da kaya. Idan aka gane da wuri, a juye man a zuba na babur, wani lokacin sai an yi juye na biyu kafin santsin ya fita. Idan faifan sun riga sun ƙone sun yi sulɓi, sai canji, kuma a jiƙa sababbin a cikin mai kafin a ɗaura.

Abin dubawa a jikin roba shi ne JASO, ma'aunin da Japan ta fitar a 1998 saboda wannan matsalar. MA ko MA2 na babur mai kuloci a cikin mai ne. MB na sikuta ne mai bel, wanda kulocinsa a bushe yake. Mai araha mai ɗauke da MA2 ya fi wa babur mai giya amfani a kan man mota komai tsadarsa. Shi kuwa man injin da ake haɗa masa mai da fetur, mai alamar FB, FC ko FD, an yi shi ne don ya ƙone tare da fetur, ba a zuba shi a matsayin man juye.

Auna kauri da yatsa

Mutum zai ɗiga mai a yatsa ya murza, idan ya ji kauri ya ce wannan shi ne mai kyau. Abin da ya ji kaurin man ne a sanyi, alhali inji a cikin zafi yake aiki. A lamba kamar 10W-40, ta farko mai W tana nuna yadda man yake gudu lokacin da inji yake da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa a zafin digiri 100 na ma'aunin Celsius. Littafin babur ya faɗi wanda ya dace, galibi 10W-30, 10W-40 ko 20W-50, wani lokacin har da jadawalin zafin yanayi.

Idan mai ya yi kauri fiye da yadda aka tsara, yana jinkirin hawa saman inji wurin kamshaf da bawul a daƙiƙun farko bayan tayarwa, kuma a lokacin ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Idan ya yi ruwa da yawa, zafi yana tsinka shi ya kasa raba ƙarfe da ƙarfe. Masu zuba mai kauri don hayaƙin salansa ya ragu kuwa rufe ciwo kawai suke yi. Shuɗin hayaƙi daga ringi ne da ya cinye ko robar bawul da ta saki, gyaransa a buɗe inji.

Na sayi mai tsada, don haka zai daɗe

Gaskiya ne man sintetik, wanda ake sarrafawa ta hanyar kimiyya kuma ya fi tsada, ya fi na minaral, wato wanda tace shi kawai aka yi daga ɗanyen mai, jure zafi, ba ya saurin ƙonewa ya bar dauɗa a bayan ringi. Amma lalacewar mai a babur ba daga zafi kaɗai take ba. Haƙoran giya suna niƙa sinadarin da ke riƙe kaurinsa, kuloci yana zubar da garinsa a ciki, fetur da tururi suna sulalewa ta gefen fistin, ƙura tana shiga idan filtar iska ta yage ko ba ta zauna daidai ba. Ƙananan injuna na 100 zuwa 150cc kuma man da suke ɗauka galibi bai fi lita ɗaya ba, da yawansu ba su da filtar takarda, sai 'yar raga da wani kwano mai juyawa da ke tara dauɗa. Tsadar mai ba ta fitar da datti daga ciki. Juye ne yake fitarwa.

Saboda haka a bi tazarar da littafi ya bayar, a kuma rage ta idan babur yana wuni a kan hanya, ko cikin ƙura, ko cunkoso, ko ɗaukar nauyi. Sabon babur ana yi masa juyen farko da wuri, galibi tsakanin kilomita 500 da 1,000, saboda ɓarɓashin ƙarfen da sababbin sassa suke zubarwa. Babur ɗin da ba a cika hawa ba shi ma a juye masa aƙalla sau ɗaya a shekara ko da kilomita ba ta cika ba.

To ina tsadar take biyan kuɗinta? A babban babur mai saurin juyawar inji, a doguwar tafiya da totur a buɗe, da wurin da kamfani da kansa ya ce sintetik. Ƙaramin injin da za a juye wa mai kowane kilomita dubu biyu zuwa uku, na minaral ko rabin sintetik mai JASO MA da API SL ko sama ya ishe shi. Wanda kuɗinsa zai sayi mai tsada sau ɗaya ko mai araha na gaskiya sau biyu, gara ya yi juye biyun.

Arahar da ta wuce hankali

Haɗarin araha na gaske shi ne jabu: tsohon mai da aka tace sama-sama, ko ɗanyen mai marar sinadari, a cikin robar sanannen kamfani. Kuma robar mai tsada aka fi kwaikwaya, don a nan ribar take. A duba zoben murfi ko an taɓa karya shi, da takardar da ke liƙe a bakin roba, da lambar ƙira da kwanan wata. Mai na gaskiya garau yake, ba ya warin ƙuna, ba ya barin gari a gindin roba. A sa a buɗe a gaban ido, a kuma huda robar bayan an gama don kada ta koma kasuwa.

Kuskuren da ake yi a wurin juyen kansa

A ɗumama inji na 'yan mintuna kafin a kwance notin ƙasa, don dauɗa ta biyo man. A wanke ragar idan akwai, a canja washar noti, a ɗaure daidai ƙarfin da littafi ya ce, domin jikin injin alminiyam ne, zarensa yana saurin cinyewa. Kada a juye roba gaba ɗaya ba tare da duba adadi ba: injin da ke ɗaukar 0.8 na lita idan aka ba shi lita cikakkiya, karanshaf zai riƙa kaɗa man ya yi kumfa, ya tura shi akwatin iska, ya matsa wa robobin inji har su fara yoyo.

Wurin awo babur ya tsaya a miƙe a ƙasa mai daidai, ba a jingine a kan ƙafar gefe ba. A tayar, a kashe, a jira minti biyu zuwa uku. A babura da yawa ana goge sandar awo a saka ta ba tare da an murɗa ba, amma wasu kamfanonin sun ce a murɗa, don haka a duba littafi. Wannan awon a riƙa yin sa kowane mako, saboda ƙarancin mai ya fi kowane irin mai saurin sa inji ya buga.

Baƙin da mai yake yi bayan 'yan kwanaki ba shaidar rashin kyau ba ce, sinadarin wanki ne yake kwaso dauɗa. Wanda ya kamata ya tayar da hankali shi ne mai da ya yi fari-fari, alamar ruwa ya shiga, ko wanda yake warin fetur kuma ya ƙaru a sandar awo, wanda galibi kafireto ne yake ɗiga fetur cikin inji. Idan kuma an ga ƙyallin ƙarfe a cikin wanda aka juye bayan inji ya wuce sabunta, a kai wa makanike ya duba boris da giya kafin a sake hawa.