Yadda Jiha da 'Yan Kasuwa Za Su Haɗa Hannu Wajen Mayar da Motocin Haya Kan Gas

Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, maganar mayar da motocin haya kan iskar gas da ake kira CNG ta shiga bakin direbobi a tasha, kuma a cikin shekarar ne gwamnatin tarayya ta kafa shiri na musamman domin wannan aiki. Motar da ke ƙona CNG tana fitar da iskar da ke ɗumama duniya ƙasa da ta fetur da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Sai dai jiha ba ta da gas ɗin, ɗan kasuwa kuma ba shi da iko da tasha, saboda haka dole a rubuta abin da kowa zai ɗauka kafin a taɓa injin ko da mota guda.

A fara da inda za a sha gas, kada a fara da mota. Motar fetur da aka canza tana riƙe da tankinta na da, kuma direba yana komawa kan fetur da danna maɓalli ɗaya a gefen sitiyari, don haka duk ranar da ya tarar da layin da zai cinye masa rabin yini a gidan gas, zai koma gidan jiya alhali bashin canjin yana kansa. A Arewa wannan ce babbar matsalar, domin ko da yake an ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a shekarar 2020, duk garin da bututu bai kai ba sai dai a kawo masa gas da manyan motoci daga babbar tashar da ake matse shi. Abin da ya dace jiha ta bayar shi ne fili kusa da tashar mota, da takardunsa cikin gaggawa, da hanya mai kyau da tirela za ta iya juyawa. Kamfanin gas kuma ya nemo lasisin hukumar NMDPRA mai kula da sarrafawa da rarraba man fetur da gas, ya sa hannu a kan yawan gas ɗin da zai riƙa kawowa kowace rana, da tarar da zai biya idan famfo ya tsaya fiye da kwanakin da aka yanke.

Daga nan sai a zaɓi hanya ɗaya ko biyu masu cunkoson fasinja, waɗanda motocinsu ke komawa tasha guda da dare, a zauna da ƙungiyoyin direbobi irin su NURTW da RTEAN. Su ne suka san mai mota, da mai tuƙa ta, da balas ɗin da ake kaiwa kullum. Wannan lissafi shi ne zai ba kamfanin gas tabbacin ciniki, wanda idan babu shi banki ba zai saurare shi ba.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne wanda zai biya kuɗin canjin. Direban da abincin gidansa ke fitowa daga cinikin ranar ba zai iya ajiye kuɗin tukunyar gas da na aiki a dunƙule ba. Akwai darasi a abin da aka yi a Santiyago, babban birnin ƙasar Chile, a shekarar 2018, inda kamfanin lantarki na Enel X ya sayi bas-bas masu aiki da batir guda 100 daga kamfanin BYD na ƙasar Sin, ya ba kamfanin sufuri na Metbus haya, ana biyansa daga kuɗin tsarin sufurin birnin. Wato mai sayar da makamashi ne ya ɗauki nauyin jarin farko, domin shi zai ci ribar cinikin shekaru masu zuwa. A nan ma kamfanin gas ko banki zai iya biyan kuɗin canjin, a riƙa cire wani ɗan kaso duk lokacin da direba ya sha gas, jiha kuma ta tsaya a matsayin mai lamuni na wani ɓangaren bashin. A ganina wannan ya fi rabon kayan canji kyauta, wanda yakan tsaya ranar da kasafin kuɗi ya ƙare, ban da cewa ba lallai ya kai ga masu aikin tuƙin na gaskiya ba.

Batun tsaro ba a barinsa a hannun kasuwa. CNG daban yake da gas ɗin girki, domin ana matse shi har kusan ninki 200 na nauyin iskar da muke shaƙa, kuma tukunyar da mai walda ya haɗa a bakin titi ba za ta jure ba, kamar yadda fashewar wata mota a gidan gas a birnin Benin na Jihar Edo ta nuna a watan Oktoban 2024. Saboda haka ya kamata yarjejeniyar jiha da kamfanin ta tanadi cewa garejin da hukuma ta tantance ne kaɗai zai yi canjin, kowace tukunya ta zo da lambarta da ranar sake gwada ta, mai zuba gas kuma ya buɗe but ɗin mota ya duba kafin ya jona tiyo. Kanikawan garin ne ya kamata a horar, tunda wurinsu direba zai nufa ranar da injin ya fara tari.

A sa wani ɓangare mai zaman kansa, kamar sashen injiniya na jami'ar da ke jihar, ya riƙa auna hayaƙin motocin kafin canji da bayansa, ya kuma binciki yoyo a famfuna da bututai. Mafi yawan CNG iskar metan ce, wadda idan ta zurare ba tare da an ƙona ta ba take riƙe zafi fiye da hayaƙin da ake gudu nesa ba kusa ba. A ɗaura wani kaso na biyan kamfanin a kan sakamakon wannan awo, kuma a riƙa liƙa shi a ofishin ƙungiya duk bayan wata uku, tare da adadin kwanakin da famfo ya yi aiki.