Yadda ake duba ƙarfin shasin tirelar kwana ta fifth-wheel kafin a biya kuɗi

Tirelar kwana ta fifth-wheel gida ce a kan taya, da ɗakin kwana da kicin da banɗaki, wadda mutanen Amurka da Kanada ke ja zuwa wuraren shaƙatawa, wasu ma a ciki suke zaune shekara da shekaru. Ba a bayan bamba ake ɗaura ta ba. Gabanta ya tashi sama ya yi wuya, ya hau kan bodin motar a-kori-kura, ƙusar haɗi mai kaurin inci 2 ta shiga farantin da aka kafa daidai saman aksil ɗin baya. Tsari ɗaya ne da na tirelolin dakon kaya da ke bin hanyar Kano zuwa Legas. Mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake haɗa su, kuma kamfanoni da dama ba sa ƙera shasin da kansu, saye suke yi, galibi daga Lippert, gwargwadon zanen da suka bayar. Saboda haka sunan da ke jikin tirela ba zai gaya maka ƙarfinta ba. Sai ka auna.

Sabon mai saye yakan ɓata awa biyu yana buɗe firji da taɓa kujeru, ya leƙa ƙasa na minti biyar, ya biya. Firji ana sauya shi a wuni ɗaya. Wuyan da ya tsage kuwa sai an ɓalle gaban tirelar kafin mai walda ya kai gare shi. Don haka ka fara da ƙarfe, cikin ɗaki ya biyo baya.

Ka tafi da tocila mai ƙarfi, tef ɗin awo, salatif na takarda, alƙalamin maka, ƙaramin madubi, sukudireba da tabarmar da za ka kwanta a kai. Abu mafi muhimmanci shi ne motar ja mai faranti. In ba ka da ita, ka yi hayar mai ita na awa biyu. Mai sayarwar da ya hana a haɗa tirelarsa da mota, ka bar masa kayansa.

Fara da takardun jiki

A gefen hagu ta gaba akwai takardar da kamfani ya manna, da lambobi a laba da kuma kilo. GVWR shi ne iyakar nauyin tirelar da duk abin da ke cikinta. GAWR shi ne iyakar abin da kowane aksil zai ɗauka. Akwai kuma wata rawayar takarda mai nuna nauyin kayan da aka yarda ka loda.

Misali, tirela mai GVWR laba 16,000, wato kusan kilo 7,260, tana kan aksil biyu masu laba 7,000 kowanne. Ka haɗa su, 14,000 ne. Ba kuskure ba ne, ragowar wuya ne ke ɗora wa mota. A irin wannan tirela, kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyi a kan ƙusar haɗi yake sauka. Ka ɗauki kashi 20, laba 3,200 ke nan, kusan kilo 1,450, duk a wuri guda, kuma kowane rami a hanya yana ƙara masa duka.

Ka dubi lambar rawayar takardar da kyau. Doguwar tirela mai ƙafa 40 da aka bar wa kaya laba 2,000 kacal, tun daga masana'anta ta kusa cika. Tankin ruwa mai galan 75 ya kai lita 284, kilo 284 ke nan tun ba ka sa tukunya ko bargo ba. Irin wannan kusan kullum da lodi fiye da ƙima take yawo, mai ita bai ma sani ba. Ni a wurina, duk wadda ba ta bar laba 3,000 na kaya ba, ba ta zaman dindindin ba ce.

Kafin ka bar wurin ka kwafi lambar VIN, wato lambar shasi, mai harufa da lambobi 17, ka bincika a shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, ko an taɓa kiran samfurin a dawo da shi gyara.

Awon wuya

Nan ne aikin yake, kuma nan ake yawan yin sa ba daidai ba.

Ka fahimci ginin tukuna. Daga baya zuwa inda wuya ya fara, manyan ƙarafa biyu ne masu siffar harafin I, tsayinsu inci 10 ko 12 a manyan tireloli. Daga nan ƙarafa suka miƙe tsaye, sannan benen gaba, wanda aka haɗa da bututun ƙarfe masu kusurwa huɗu, ba su kai na ƙasa kauri ba. A ƙarƙashin benen aka yi waldar faranti biyu, su ne ke riƙe da akwatin ƙusa, wato ƙarfen da ƙusar haɗi ke jikinsa, da manyan bol. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, wannan bene shi kaɗai ba zai iya nauyin ba. Bangon gefe, mai ƙashin alminiyom da fatar faiba, shi ma yana ɗaukar rabonsa. An ɗaure shi da ƙarfen benen da dogayen sukuru masu kauri, su biyun suka zama akwati ɗaya mai tauri. Ranar da sukurun nan suka saki ko suka kakkarye, bango ya daina taimako, ƙarfe ya rage shi kaɗai yana lanƙwasa sama da ƙasa, har walda ta fara tsagewa. Kuma a daidai wannan bangon ne ake yanka babbar kafa don ɗakin kwana mai zamewa waje, wato an rage masa ƙarfi a inda ya fi bukata.

Ga yadda ake awon. A tsayar da tirelar a shimfiɗaɗɗen wuri marar gangara, siminti ya fi, a sa wa tayoyi waigi, tana tsaye a kan ƙafafunta na gaba, ba a haɗa da mota ba. Ƙafafun baya na daidaitawa a ɗage su gaba ɗaya. Ka manna salatif a ƙasan hancin tirelar, daidai saman akwatin ƙusa, ka ɗiga alama da maka. Ka ɗiga wata a jikin akwatin. Auna tsakaninsu, ka rubuta. Ka yi haka dama da hagu, domin sau da yawa gefe ɗaya ne ke fara sakewa, galibi gefen ɗaki mai zamewa.

Sannan ka je gefen tirelar, inda ƙasan wuya ya haɗu da bangon da ya sauko tsaye. Akwai siririn ƙarfen ado da ya rufe haɗin. Ka manna salatif ya ratsa daga bango zuwa kan ƙarfen adon, ka ja layi ɗaya miƙaƙƙe, ka yanka salatif ɗin da reza a daidai haɗin. Ka yi haka a wuri uku a kowane gefe. Ka ƙara ɗaya a kusurwar ƙasa ta kafar ɗaki mai zamewa.

Yanzu a kawo mota a haɗa, a ɗage ƙafafun gaba har su bar ƙasa sarai, nauyi duka ya koma kan mota. Ka sake aunawa a kan alamomin nan. Bambancin da ka samu shi ne motsin wuya. Kowane wuya yana ɗan motsi, ƙarfe ne. Iyakar da masu wannan sana'a suka fi ambata ita ce 3/8 na inci, wato bai cika santimita 1 ba. Abin da ya wuce haka, akwai magana. Layukan da ka ja a salatif kuwa bai kamata su goce wa juna ba ko kaɗan. In rabin layi ya hau sama ya bar ɗan'uwansa, bango da ƙarfe sun rabu.

Kuskure uku ne ke ɓata wannan awo. Na farko, aunawa daga ƙasa zuwa ƙusa. Wannan sifirin ɗin motarka kake aunawa, wanda zai nutse inci biyu ko uku ko da tirelar lafiyarta lau. Dole alamomi biyun su kasance a jikin tirelar. Na biyu, akwai akwatunan ƙusa masu roba ko jakar iska a ciki, irin na MORryde da Trailair, waɗanda da gangan aka yi kansu ya riƙa motsi don rage jijjiga. In ka sa alama a kan ɓangaren da ke motsi, za ka ɗora wa tirela laifin da ba nata ba. Ka sa ta a ɓangaren da aka ɗaure da shasi. Na uku shi ne aunawa tirela tana wayam. Mai sayarwa ya kwashe kayansa, tankuna babu ruwa, wuya bai ɗauki abin da zai ɗauka a hanya ba. Ka roƙa a cika tankin ruwa, kuma in awon ya kusa iyaka a haka, ka ɗauka ya wuce.

Ka maimaita haɗawa da cirewa sau biyu. A karo na biyu ka tsaya kusa da wuyan ka saurara, wani ya danna maɓallin ƙafafun. Ƙaramin kukan ƙarfe ba komai. Ƙara mai ƙarfi kamar an karya itace, ita ce abin tsoro.

Tana nan a haɗe, ka shiga ɗakin kwana. Ka buɗe ƙofofin kabad ɗin gaba ka rufe, sannan ka sake gwadawa bayan an cire mota. Ƙofar da ke rufuwa a hali ɗaya ta ƙi a ɗayan, tana gaya maka ɗakin yana murɗewa. Ka duba gindin bango a ɗakin, inda kafet ya hau wani ɗan tudu. A ƙarƙashinsa kawunan sukurun nan suke a yawancin samfura. In an yarda ka ɗaga, ka gwada su da sifana. Wanda ke juyawa ba ya kamawa, ko dai ya karye ko katakon da aka cusa cikin bututun alminiyom don ya riƙe shi ya ruɓe. Daga waje kuma ka dubi faiba a kusurwar ƙasa ta ɗaki mai zamewa. Tsaga da ta tashi daga kusurwar ta nufi ƙasa a karkace, alama ce da ba ta ƙarya. Sabon gam mai kauri ko sabuwar sitika a daidai wurin ma ka tambayi dalilinsu.

Ka buɗe ma'ajiyar gaba, ka haska waldar da ke tsakanin ƙarafan tsaye da bene, madubi ya nuna maka bayansu. Siririn layin tsatsa mai jan gari a gefen walda tsaga ce, ko da ido bai ga buɗewarta ba. Haka jan gari a kewayen kan bol na akwatin ƙusa, yana nufin bol ɗin na wasa a raminsa. Ka kuma tambaya ko an taɓa jan ta da ƙarin ƙarfen da ke mai da ƙusa ta hau ƙwallon bodin mota. Wannan ƙarfe yana ƙara tsawon hannun da ke murɗa wuya, kuma masu ƙera shasi da dama suna soke garanti a kansa, sai irin wanda suka amince da shi.

In ka samu matsala kuma farashi ya ja ka, ka san abin da ka shiga. Gyaran gaskiya sai an cire rufin ƙasan wuya, wani lokaci har da hancin, a yi walda, a ƙara ƙarfe, a sake ɗaure bango da sukuru mafi kauri ko bol mai ratsawa. Wanda ya yi walda ya bar bango a sake, tsagar za ta dawo a gefen sabuwar waldar. Kuɗin aikin dubban daloli ne, kuma ba kowane gareji ke karɓa ba.

Ƙarƙashi da tayoyi

Ka shimfiɗa tabarma tsakanin tayoyi. Maratayan sifirin, ƙarafan nan da aka yi wa walda a ƙasan shasi, su ke shan wahala duk lokacin da aka yi kwana mai tsanani, domin tayoyin aksil biyu jan gefe suke yi. Ka haska inda kowane marataye ya haɗu da shasi, ka duba har jikin babban ƙarfen a samansa, nan ma yana tsagewa a kwance. Marataye ya tsaya cak, kada ya karkata. Ka dubi shakul, gajerun ƙarafan da ke riƙe ƙarshen sifirin, in ramin bol ya zama dogo maimakon zagaye, bushin na roba ya cinye. Wannan gyara ne mai sauƙi, a sa shakul mai kauri da bushin na tagulla da bol mai shan giris. Ni ko sabuwa ce zan sauya su. Ƙarfen da ake gittawa tsakanin maratayan dama da hagu ma yana da araha in aka kwatanta da amfaninsa.

Aksil lafiyayye yana da ɗan tudu a tsakiya. Wanda ya miƙe sambal ko ya lotsa ƙasa ya sha lodi, kuma za ka ga tayoyinsa sun cinye ta ciki. Lambobi huɗu na ƙarshe a rubutun da ya fara da DOT a gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta.

Baƙar robar da aka rufe cikin tirelar da ita tana ɓoye rabin shasi. Ka kwance sukuru biyu uku a gefe ka haska. In ta yi ciki ta yi nauyi, ruwa ne a kwance. Tirelar da ta yi hunturu a jihohin da ake zuba gishiri a titi, irin su Michigan da Ohio da New York, ka caka mata sukudireba. Tsatsar sama ba komai, wadda ke ɓarewa falle-falle ta ci ƙarfe. Tsohon gyara kuma ka dubi yadda aka yi shi, facin kirki faranti ne a jikin tsakiyar ƙarfen, ba walda da aka gitta a leɓensa na ƙasa ba.

Sauran jiki

Ka tsaya a kusurwa ka kalli bango a tsaye da hasken rana. Kumburi ko igiyar ruwa a faiba yana nufin ruwa ya shiga, fata ta saki katako, kuma bangon da ya saki ba ya ɗaukar nauyi. Ka hau rufi ka taka a hankali kusa da hanci da kewayen na'urar sanyaya ɗaki, ka duba gam ɗin haɗe-haɗe. A ciki ka taka gaban banɗaki da gefen kowane ɗaki mai zamewa, ka fitar da su ka mayar.

In duk ta tsallake, ka biya mai duba tirela mai shaidar NRVIA, ƙungiyar masu duba irin waɗannan tireloli a Amurka, ya bi sauran, gas da wuta da birki. Bayan ka saya ka loda kayanka, ka je sikelin awon mota na kamfanin CAT da ke tashoshin manyan motoci, ka auna a haɗe, ka cire ka auna mota ita kaɗai. Abin da ya ragu a nauyin motar shi ne ainihin nauyin wuya, ka gwada shi da takardar da ke jikin ƙofar direba. Ka tabbata akwai tazarar inci 6 tsakanin bakin bodi da ƙasan wuya, kuma ka maimaita awon salatif ɗin nan a farkon kowace kakar tafiya, ka riƙa rubuta lambar don ka ga ko tana ƙaruwa.